Mun Kai Laminu Sakkwato Neman Wani Magani

Tun da muka dawo daga Sakkwato ban ɗinka riga ɗaya a tsanake ba. Duk wanda ya shigo shagona, kafin ya kwance yadinsa sai ya ce, "Hamidu, yaya Najeriya? Mi likitar ta ce?" A fada kuwa, wato majalisarmu ta hira, ba a gama shayin farko sai an sa ni labarin, wanda ya zo a makare kuma ya ce a koma masa baya. Na gaji da yanka shi gutsi-gutsi. Ga shi nan ɗungurungum, kowa ya ɗebi abin da ya yi masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a bakin kasuwar Filingue, Laminu kuma ɗana ne na uku, yana ƙananan azuzuwa a lakwal, wato makarantar boko. Yaro ne mai fara'a, kansa kuma yana ja, amma tun yana rarrafe tabarma ba ta taɓa yin ɗumi a ƙarƙashinsa ba. Ka aike shi sayen gishiri, ya dawo maka da labarin akuyar da ta haihu a bayan masallaci, gishiri kuwa ko oho. A aji, mushe, wato malaminsu, yana rubutu a allo, shi yana ƙarƙashin tebur yana bin ƙadangare. An yi faɗa, an yi bulala, an sha rubutu. Mahaifiyata, Inna Hajo, wadda take zaune a ƙauyenmu na ƙasar Kurfai kuma ta daɗe cikin bori, ta zo ta yi masa turare har idanunmu suka yi ja. Laminu yana nan yadda yake.

Wani likita a Yamai ne ya fara gaya mana cewa abin yana da suna, kuma ba rashin tarbiyya ba ne. Ya ce haka Allah ya yi ƙwaƙwalwar wasu yara, hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, jikinsu ma haka. Ya rubuta mana wata ƙwaya da ake sha da safe. Gaskiya ta yi aiki a aji, har mushe ya yaba. Amma a gida sai muka ga kamar an canza mana yaro. Tuwo ya zama abokin gabarsa, fura ma sai da lallashi. Ya rame har wandon da na ɗinka masa ya riƙa zamewa. Barci ya yi masa wuya, ga wani ƙifta ido da ya taso masa. Muna cikin shawarar komawa wurin likita sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyakoki, ƙwayar ta ɓace daga farmasi kamar an share. Yaro ya koma cin tuwo, ya kuma koma ƙarƙashin tebur.

Daraktan lakwal ya aika a kira ni. Ya ce, "Malam Hamidu, yaronka ba daƙiƙi ba ne. Amma aji ya cika, mushe guda bai iya bin shi. In ba a samu sauƙi ba, bayan hutu sai ka riƙe shi wurin kekenka." Ɗinki ba abin kunya ba ne, shi ke ciyar da gidana, amma wanda bai iya zama ba, ko zare ba zai zura wa allura ba.

Wani mai tallan magani a kasuwa ya nuna mini wasu ƙwayoyi, ya ce in na ba shi rabi zai yini a kwance. Da na gaya wa matata Rabi, sai ta ce, "Ba barci nike nema mishi ba, karatu nike nema mishi." Na kira likitan Yamai, ya gargaɗe ni kada in kuskura. Ya ce akwai wasu magunguna waɗanda ba dangin na farko ba ne, sai dai shi bai saba da su ga yara ba, amma ya san wata likita a Sakkwato da aikinta ke nan. Da aka buɗe iyakar Ƙonni, muka fara shiri.

Rabi tana da jariri a hannu, don haka ni da Laminu ne za mu tafi. Ana gobe tafiya sai ga Inna a kan amalanken shanu, da ƙunshinta, da ƙwaryar gumba, da zabi biyu ɗaure a ƙafa.

Ta ce, "Maigidana bai ƙetare ƙasa ba ni." Haka take kiran Laminu, wasan kaka da jika.

Na ce, "Inna, tahiyar da nisa, ga zahi."

Ta ce, "Na tahi Baleyara a ƙasa kana bayana. Mota mi za ta yi mini?"

Zabin kuwa tsaraba ce ga Alhaji Bawa, ɗan ƙauyensu da ya daɗe a Sakkwato yana sayar da fatu, wanda a gidansa za mu sauka.

Da sassafe muka shiga motar Yamai. An cusa mu kamar goro a huhu, buhunan gero a sama, zabi a ƙarƙashin ƙafar Inna. Kafin mu kai wajen Damana Laminu ya san sunan kowa a motar, ya san inda kowa za shi, ya tambayi direba dalilin da ya sa madubinsa yake ɗaure da roba, ya kuma gaya wa wani dattijo cewa haƙorinsa ɗaya ya fi sauran tsawo. Na yi ta ba da haƙuri. A kowane shingen jandarma sai in riƙe wuyan rigarsa, don na san in ya fita sai an yi nema.

Mun iso Baleyara ana cin kasuwa. Direba ya tsaya sauke kaya, na fita sayo ruwa, Inna ta tsaya gaisawa da wata tsohuwa. Ina dawowa na ji kuwwa. Zabo ɗaya yana bisa rumfar mai tsire, ɗayan ya nufi kasuwar shanu da gudu. Laminu yana tsaye da igiya a hannu.

"Baba, ƙahwarsu na ciwo," in ji shi.

Ban taɓa ganin kasuwa ta haɗa kai irin na ranar ba. Dillalan shanu suka ajiye ciniki, Buzaye suka ɗaga rawani, yara suka bazu. Zabon farko wata Bazabarmiya mai sayar da kopto, wato kwaɗon ganye, ta kife shi da kwando, ta miƙo mini tana dariya tana magana da Zabarmanci, abin da na kama kawai shi ne "fofo". Na biyun ya shige tsakanin ƙafafun shanu inda babba ba zai shiga ba. Kafin in buɗe baki Laminu ya bi shi, ya fito ta ɗaya gefen duk kashin shanu, zabo a rungume. Kasuwa ta yi masa tafi. Na ɗaga hannu zan kai masa rankwashi, Inna ta riƙe ni.

Ta ce, "Shi ya kwance, shi ya kamo. Mi ya rage maka?"

A Yamai muka kwana gidan ɗan kawuna, washegari da asuba muka shiga babbar bas ta Ƙonni. Ita wannan da sanyi a ciki, kowa da kujerarsa, har Inna ta lulluɓa da zane tana cewa an sa mu cikin randa. Zabi suka tafi ƙasa wurin kaya, cikin kwali da na huda musu. Tun kafin Dosso Laminu ya fara zarya tsakanin kujeru, mutane suka fara harara. Wata mata 'yar Dogon Dutsi da ke zaune kusa da mu, mai fataucin gyaɗa, ta kira shi.

"Zo nan, ɗan saurayi. Hannuwana sun gaji, ɓare mini wannan."

Ta zuba masa gyaɗa a cinya, ta ba shi leda biyu, ɗaya ta ƙwaya, ɗaya ta ɓawo. Ya zauna. Bakinsa bai yi shiru ba, yana ba ta labarin zabi yana ƙara gishiri, amma gindinsa yana kan kujera har muka ga duwatsun garinsu. Da za ta sauka ta ce mini tana da ƙane mai irin wannan hali, uwarsu ba ta taɓa barin hannunsa ba aiki ba. Ta bar wa Laminu gyaɗar.

Daga Ƙonni zuwa iyaka ba nisa, amma a ranar ba ƙaramar mota, sai kabu-kabu. Inna ba ta taɓa hawa babur ba. Ta zagaya shi sau biyu kamar mai duba doki, ta hau ta gefe, ta rungume kwalin zabi, ta ce wa mai babur, "Ɗana, in ka kada ni, ka kada uwarka." Yaron ya tafi da ita a hankali har masu tafiya a ƙasa suna wuce su.

Ɓangarenmu ba a daɗe ba, aka duba katin shaida da na allura aka ce mu wuce. A ɓangaren Illela wani jami'i ya ce a kwance kaya. Da ya buɗe ƙunshin Inna sai ga saiwoyi, da ɓawon itace, da garin turare a ƙulle-ƙulle. Ya ɗaga wani ƙulli yana shinshina.

"Mama, mene ne wannan?"

"Na ciwon baya ne. Ana shahwawa da man shanu."

Ya dubi abokin aikinsa, ya sassauta murya ya ce, "Yana yi kuwa?"

"Dubi ni, daga Kurfai nike, ban ko jingina ba."

Ta ƙulla masa kaɗan a leda, yana ta godiya yana dafe da ƙugu. Ina cikin dariya na waiga, babu Laminu. Iyaka ba kasuwar Baleyara ba ce, ga manyan motoci, ga mutane masu bindiga. Na fara kiran sunansa sai na ji usur, fiiit, aka sake, fiiit. Duk motocin da ke layi suka ci birki. Can na hango shi a bakin rumfar jami'ai, usur a baki, ya ɗaga hannu yadda ya ga ana yi, wani direban tirela ya leƙo yana jiran umarni. Na ruga ina cewa a yi haƙuri, yaro ne ba shi da lafiya. Mai usur ɗin, wani ƙaton mutum mai gashin baki, ya karɓi abinsa ya goge a riga, ya ce, "Wannan ne ba lafiya? Tun safe nake busawa ba su tsaya haka ba." Ya sara wa Laminu, Laminu ya rama.

Sakkwato ta ba ni mamaki ta inda ban zata ba. Na yi tsammanin baƙon wuri, sai na ji mutane suna magana kamar 'yan unguwarmu, "mi" da "tahi" da "munka" duk suna nan. Kamar ka bar ɗakin uwarka ka shiga na gwaggonka. Sai an zo kan abin boko ne ake rabuwa. Na tambayi wani ina farmasi, ya tsaya yana kallona, sai daga baya na gane kemis suke cewa. Na ce Laminu yana lakwal, aka ce wace unguwa ce nan. Garin kuma cike yake da kekuna masu ƙafa uku, rawaya-rawaya, suna shiga ko'ina kamar tururuwa. Laminu ya ce in ya girma ita zai tuƙa, ya fasa zama jandarma.

Alhaji Bawa ya tarbe mu a ƙofar gida. Da ya ga Inna ya durƙusa har ƙasa, babbar riga da komai. Ta miƙa masa ƙwaryar gumba, ya gutsura ya sa a baki, yana taunawa idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce geron Kurfai daban yake, duk abin da ake ce masa gero a nan kwaikwayo ne. Zabin kuma ya ce ba mai yanka su, za su zauna su riƙa yi masa kukan gida.

Uwargidansa ta cika mu da abinci. Tuwon shinkafa fari tas, da miyar taushe, da safe kuma masa. Burodinsu laushi ne kamar katifa, ga zaƙi, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Shayi kuwa a ƙaton kofi ake kawo shi, an sheƙa madara. Inna ta kurɓa ta ajiye, ta raɗa mini, "Wannan kunu ne, suna jin kunyar faɗi." Amma masa ta ci har ta nemi a koya mata. Abin da ta kasa yafewa shi ne yadda ake sayen ruwan sha a leda alhali ga rijiya a tsakar gida.

Ranar ganin likita Alhaji ya kai mu da motarsa har ƙofar asibiti. Muka yanki kati, aka nuna mana wani gini a gefe. Muna isa Inna ta ga wani bawan Allah da 'yan'uwansa suka riƙe, yana ta surutu shi kaɗai. Ta tsaya cak. Ta tambayi mai gadi wane sashe ne wannan, ya ce na ƙwaƙwalwa ne.

Ta kama hannun Laminu ta juya. "Hamidu, gidan mahaukata ka kawo mini miji? Mu tahi."

Na yi magana, na roƙa, ta zauna a gindin wata bishiya ta ce ko ƙafa ɗaya ba zai sa ba. Ta ce in aka ji a Filingue, har ya tsufa sunan zai bi shi, ba mai ba shi mata. Abin da ya fi damuna shi ne, tsoron da ta faɗa ni ma yana raina. Na tsaya da kati a hannu, ban san gaba ba, ban san baya ba.

Wata mata da ke zaune a benci ta ji mu. Bayarabiya ce haifaffiyar Sakkwato, Hausarta ta fi tawa, ta ce a kira ta Maman Tunde. Ta taso ta zauna a ƙasa kusa da Inna, ta gaishe ta, ta nuna wani yaro dogo cikin kayan makaranta da ke karanta wani abu a jikin bango.

Ta ce, "Mama, kin ga wancan? Ɗana ne. Makaranta uku aka kore shi. Na kai shi coci, maƙwabciyata ta kai shi wurin malam, duk mun yi. Yanzu shekara ta zagayo muna zuwa nan. Dube shi da kyau, mahaukaci ne?"

Inna ta dube shi. Yaron ya zo ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi Laminu ko yana buga ƙwallo.

Maman Tunde ta ce, "Ƙofar yara ma daban take, ga ta can. Mai ciwon ido da mai haihuwa duk asibiti ɗaya suke shiga, ba ya sa mai ciwon ido ya haihu."

Inna ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta ce, "To, mu ga likitar. In ban yarda da idonta ba, mu fito."

Likitar yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ba. Ta gaishe da Inna tukun, sannan ni, sannan ta juya ga Laminu ta tambaye shi abin da ya fi so a duniya. Ya ce zabi da usur. Ta bar shi yana yawo a ofishin, yana taɓa wannan yana buɗe wancan, ni ina ta zare masa ido, ita tana kallonsa tana yi mana tambayoyi. Yaya haihuwarsa, yaya barcinsa, yana ji sosai, yana gani sosai, ya taɓa suma, akwai mai ciwon zuciya a dangi. Ta auna nauyinsa da tsawonsa, ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta saurari ƙirjinsa, ta ba shi shi ma ya saurari nata. Ta aika mu a ɗebi jininsa, don ta ce ƙarancin jini ma yana ƙara wa yaro rashin natsuwa. Na gaya mata sunan da likitan Yamai ya ba abin da Faransanci, ta faɗi nasu na Turanci. Haruffan sun bambanta, abin ɗaya ne.

Da muka dawo da sakamakon jini, ta ce lafiya lau. Sannan ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ƙwayar farko daga dangin magungunan da ke zaburar da ƙwaƙwalwa take. Suna aiki da sauri, yara da yawa suna dacewa da su, wani lokaci ma rage yawan kawai ake yi. Amma tun da ta hana Laminu ci da barci, ga ƙifta ido, ga ta kuma da wuyar samu, gara a duba wani dangin. Ta ambaci ɗaya, atomoksetin. Ta ce shi ba ya nuna aikinsa yau ko gobe, sai an yi makonni ana sha kullum. Yana iya tayar da zuciya ko ɓata ciki da farko, don haka a ba shi bayan ya ci abinci. Shi ma yana iya rage ci, za a riƙa auna yaron. In kuma muka ga ya shiga baƙin ciki ko fushi da ba mu san shi da su ba, ko idonsa ya yi rawaya, mu kira ta nan take. Ta ambaci wani, kulonidin, wanda asalinsa maganin hawan jini ne. Yana kwantar da jiki, yana taimaka wa barci da ƙifta ido, amma yana sa kasala, sai an riƙa duba jinin yaro, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Na tambaye ta man kifi da wani ya ce mini ana ba yara. Ta ce ba ya cutarwa, amma kada in ɗora masa buri.

Sai ta ce, "Ku ne iyayensa, ku za ku zauna da shi. Ni na fi karkata ga atomoksetin, amma ina so in ji ta bakinku."

Ban saba likita ya tambaye ni ra'ayi ba. Na ce yaron da ke lakwal, kasala ba za ta yi masa ba, mu gwada wanda ta zaɓa.

Sai Inna ta kwance ƙunshinta a kan tebur. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce, "Ɗiyata, naki da nawa, suna hwaɗa?"

Likitar ta jawo kujera kusa, ta tambayi sunan kowane ƙulli da yadda ake amfani da shi. Ta ce addu'a da abin shafawa ba ruwanta da su, turare ma in ba a rufe yaro a ɗaki da hayaƙi ba. Amma abin sha, ta roƙi Inna ta dakata, don ba ta san yadda zai haɗu da ƙwayar a cikin hantar yaro ba, in kuma wani abu ya faru ba za a san na wa ne ba. Inna ta yi tunani, ta ware ƙulli biyu ta mayar cikin zane.

Ta ce, "Na ji. Masu girki biyu a tukunya ɗaya, gishiri ka yawa."

Likitar ta tambaya ko akwai mai irin halin a dangi. Ina shirin cewa babu, sai Inna ta ce, "Kakanshi. Uban wannan. Ranar ɗaurin aurenmu anka neme shi anka rasa, ashe ya bi zomo. Bai taɓa gama kunya ɗaya ta gona ba sai ya fara wata. Amma duk Kurfai ba wanda ya kai shi sanin daji." Ni na tashi na san mahaifina dattijo ne mai yawan tafiya, ban taɓa jin wannan ba. Likitar ta ce sau da yawa abin yana bin jini. Inna ta dubi Laminu, wanda a lokacin yake ƙoƙarin auna kwalbar ruwa a ma'aunin jarirai, ta ce, "Ashe gado ne. Ni ina ta yi wa gado turare."

Na tambaya ko zai warke. Ta ce ba zazzaɓi ba ne da za a ce ya tafi. Magani yana ba yaro damar riƙe linzamin kansa ne, sauran aikin namu ne da na malaminsa. A zaunar da shi gaban aji. A ba shi aiki gajere, in ya gama a ƙara. A aike shi abu ɗaya, ba uku ba, a sa ya maimaita kafin ya fita. A bar shi ya yi gudu ya gaji kafin karatu. A yabe shi a take in ya yi daidai, a ajiye bulala. Na ba ta labarin mai gyaɗa, ta ce matar ta gama rabin karatun likita. Ta kira likitan Yamai a gabanmu suka daidaita cewa shi zai riƙa duba yaron, Alhaji Bawa kuma ya ɗauki nauyin aiko mana da ƙwayar ta hannun direbobin Ƙonni.

Dawowa ba wani abin faɗi, sai dai Inna ta sayi kaskon masa ta riƙe shi a cinya tun daga Illela har Filingue, ta kuma hau kabu-kabu ba tare da ta yi wa kowa gargaɗi ba.

Makonnin farko sun gwada haƙurina. Yaro ya yi amai sau ɗaya, sai da Rabi ta koma ba shi bayan ya sha koko. Canji kuwa babu. A fada aka fara yi mini tsiya, wai na je Najeriya na sayo alli. Na kai wa mushe saƙon likita ina ɗar-ɗar, sai ya karɓa hannu biyu. Ya dawo da Laminu gaba, ya ba shi shafe allo da rabon littattafai, don ya riƙa samun dalilin tashi. Sannu a hankali abin ya fara shigowa, yadda damina ke shigowa, yayyafi yau, shiru gobe. Tuwonsa yana ci, barcinsa yana yi. Da aka dawo daga hutu darakta bai sake aiko kirana ba. Kada wani ya ɗauka an canza shi. Makon jiya ma ya fasa mana randa, yana gwada ko zai iya tsallake ta.

Shekaranjiya da la'asar ina tafiya masallaci na bi ta filin da yaran unguwa ke buga ƙwallo. Da can ba sa sa shi a wasa, don yakan ɗauki ƙwallon da hannu ya gudu, ko ya bar fili ya bi wani abu. Sai na hango shi tsakanin duwatsu biyu, ya ɗan duƙa, hannuwa a buɗe. Shi ne mai tsaron gida. Ƙwallo tana can ɗaya gefen, ba abin da ke faruwa a wajensa, ga wata akuya tana wucewa ta bayansa. Ya waiga ya dube ta, ya juyo ya ci gaba da kallon fili. Na tsaya a jikin katanga har na kusa rasa jam'i.

Da magariba ya shigo gida duk ƙasa, gwiwa a kuje.

Na ce, "Yaya wasa?"

Ya ce, "An ci mu, Baba. Da yawa." Ya ɗebi ruwa ya sha, ya goge baki da hannu. "Amma sun ce gobe ma ni za su sa."